Kuɗin Bincike da Jagorancinsa: Darasi Daga Yaƙi da Ciwon Bushiya

Gabatarwa

Sau da yawa idan ɗalibi ya karanta labarin wani babban binciken kimiyya, abin da akan nuna masa shi ne masanin da ya yi aikin da kuma sakamakon da ya samu. Ba a cika gaya masa wanda ya biya albashin masanin ba, ko wanda ya sayi kwalabe da sinadarai, balle wanda ya zauna a ofis ya yanke hukuncin a ci gaba ko a tsaya. Alhali kuwa waɗannan abubuwa su ne sukan raba binciken da ya amfani jama'a da wanda ya ƙare a cikin durowa. A wannan darasi za mu ɗauki misali guda, wato yaƙin da aka yi da ciwon bushiya na shanu, mu bi sawun kuɗi da na shugabanni a cikinsa. Mun zaɓe shi ne domin ya shafi ƙasarmu kai tsaye, kuma domin a cikinsa akwai nasara, akwai faɗuwa, sannan akwai nasara ta biyu.

Cutar da kanta

Ciwon bushiya ƙwayar bairos ce ke kawo shi, kuma ƙwayar 'yar'uwar wadda ke kawo ƙyanda ga 'yan Adam ce. Saniyar da ta kamu takan yi zazzaɓi, ido da hanci su yi ta zuba, baki ya yi gyambo, sa'an nan zawo mai tsanani ya biyo baya, cikin mako ɗaya zuwa biyu ta mutu. A shekarar 1887 sojojin Italiya suka sauke shanu masu ɗauke da cutar a tashar jiragen ruwa ta Masawa, a ƙasar Iritiriya ta yau. Cikin 'yan shekaru annobar ta ratsa nahiyar Afirka, ta iso ƙasashen Hausa da Barno a farkon shekarun 1890, kuma a wurare da dama ta kashe wajen kashi 90 cikin 100 na shanu. Wannan masifa tana daga cikin dalilan da suka sa gwamnatin mulkin mallaka ta kafa ɗakin binciken dabbobi a Vom, kusa da Jos, a shekarar 1924.

Shekarun Muguga

Magungunan rigakafi na farko suna da matsala. Wanda aka fi amfani da shi an samo shi ne ta hanyar raunana ƙwayar cutar a jikin awaki, kuma ko da yake yana kare shanu, yakan sa wasunsu rashin lafiya, wani lokaci har su mutu. Makiyayin da ya ga an yi wa maraƙinsa allura ya mutu, ba za a zarge shi ba idan ya kaɗa garkensa daji a shekara mai zuwa.

Wanda ya warware wannan matsala shi ne wani likitan dabbobi ɗan Ingila mai suna Walter Plowright. Ya taɓa aiki a Vom a tsakiyar shekarun 1950, daga nan ya koma cibiyar binciken dabbobi ta Gabashin Afirka da ke Muguga a Kenya a 1956. A can shi da abokin aikinsa R. D. Ferris suka riƙa rainon ƙwayar cutar a cikin ƙwayoyin halittar ƙodar maraƙi da aka shimfiɗa a kwalba. Idan ta hayayyafa a wannan kwalba sai su ɗebo ta su zuba a sabuwa, haka suka yi ta yi har wajen sau 90. Da tafiya ta yi tafiya sai ƙwayar ta rasa ƙarfin sa cuta, amma jikin saniya bai daina gane ta ba. Zuwa farkon shekarun 1960 sun sami maganin da allura guda ta isa ta kare dabba iyakar rayuwarta, ba ya cutar da kowane irin shanu, ga shi kuma da araha.

Ya kamata mai karatu ya lura da irin kuɗin da ya ɗauki nauyin wannan aiki. Cibiyar Muguga tana da kasafinta na shekara-shekara daga hukuma, ma'aikatanta suna da albashi na dindindin, akwai shanun gwaji, akwai masu wanke kwalabe da masu kiwo. Irin wannan shi ake kira kuɗin gida, wato wanda ake ba cibiya domin ta rayu, ta kuma zaɓi abin da za ta bincika. Akwai kuma kuɗin aiki, wanda ake bayarwa don wani shiri ƙayyadadde, na shekara 2 ko 3, da sharaɗin a kawo rahoto a ƙarshe. Aikin da ake maimaita abu guda sau 90, ba tare da tabbacin zai yi ba, da wuya a yi shi da kuɗi iri na biyu. A ganina wannan shi ne abin da ya fi wuyar fahimtar da masu riƙe da baitulmali: mafi yawan kwanakin mai bincike ba su da wani labari da za a kai wa minista.

Taron Kano da abin da ya biyo baya

A shekarar 1961 aka yi taro a Kano kan yadda za a yi wa cutar taron dangi, domin saniya ba ta san iyakar ƙasa ba. Daga nan aka haifi shirin da aka sani da JP15, wanda ya fara aiki a 1962 a yankin Tafkin Cadi, ya haɗa Nijeriya da Nijar da Kamaru da Cadi. Kuɗin waje ya fito galibi daga asusun raya ƙasashe na Tarayyar Tattalin Arzikin Turai da hukumar ba da agaji ta Amurka. Tsarin kuwa mai sauƙin faɗa ne: a yi wa kowace saniya allura sau ɗaya a shekara har shekara 3 a jere, a yi mata alama a kunne, daga nan shirin ya matsa gaba zuwa wani yanki. Kafin a rufe shi a 1976 ya ratsa ƙasashe 22, kuma cutar ta yi ƙasa ƙwarai har aka daina jin ɗuriyarta a mafi yawan Afirka ta Yamma.

To, a nan ne aka yi tuntuɓe. Yarjejeniyar ta ce idan masu ba da agaji suka janye, kowace ƙasa za ta ci gaba da yi wa maruƙan da aka haifa allura duk shekara da kuɗin aljihunta. Sai dai janyewar ta zo a lokacin farin da ya addabi yankin Sahel a farkon shekarun 1970 da tsadar man fetur, kuma gwamnatocin da ke fama da yunwar mutane ba su ga dalilin kashe kuɗi kan cutar da ba a ganinta ba. Motoci suka lalace, firji masu aiki da kananzir suka mutu, malaman dabbobi suka zauna a ofis. Bugu da ƙari, shirin bai tanadi hanyar farautar cutar a inda ta ɓuya ba. Ma'auninsa shi ne yawan shanun da aka yi wa allura, lambar da ke da daɗin rubutawa a rahoto, amma ba ta amsa tambayar ko ƙwayar cutar ta ƙare.

Ashe kuwa ba ta ƙare ba. Ta laɓe a yankin iyakar Mali da Muritaniya, ta kuma laɓe a kudancin Sudan da Habasha. Kowace shekara ana haifar maruƙa marasa kariya, tsofaffin shanu masu kariya suna ƙarewa. A farkon shekarun 1980 cutar ta taso daga yamma, ta taso daga gabas, suka haɗu a Nijeriya. A 1983 ɗaruruwan dubban shanu suka mutu a ƙasar nan, kuma an ƙiyasta hasarar da ta kai dala biliyan 2. Kuɗin da aka yi tattali na allurar maruƙa bai kai ko kusa da wannan ba.

Zagaye na biyu

A 1986 aka buɗe sabon shiri na Afirka baki ɗaya a ƙarƙashin ofishin albarkatun dabbobi na Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka da ke Nairobi, wanda wani masani ɗan Kenya, Walter Masiga, ya daɗe yana shugabanta. Turai ce ta sake ba da kaso mafi girma na kuɗin waje. Abin sha'awa shi ne maganin bai canza ba, na Plowright ne dai. Abin da ya canza shi ne an saka bincike a cikin shirin kansa, an kuma ba shi kuɗi.

Alal misali, an kafa cibiyar gwada ingancin magungunan rigakafi a garin Debre Zeit na Habasha, kuma da aka fara gwaji sai aka tarar kaso mai yawa na magungunan da ɗakunan gwaje-gwaje na nahiyar ke yi bai cika sharaɗi ba. Wato an jima ana yi wa wasu shanu allurar da ba ta da amfani ba tare da an sani ba. Haka kuma masana a cibiyar Pirbright ta Ingila sun samar da gwajin jini mai sauƙi, hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya da hukumar makamashin nukiliya ta duniya suka haɗa hannu suka rarraba shi ga ɗakunan gwaje-gwaje na Afirka tare da horar da ma'aikata. Daga nan ya zama ana iya ɗibar jinin shanu a ƙauye a faɗi kashi nawa ne suke da kariya a haƙiƙa. An ga cutar ta ƙarshe a Nijeriya a 1987, a Afirka ta Yamma kuwa a 1988.

Sauran matsala ita ce zafi. Maganin Plowright yana mutuwa idan ya bar sanyi, kuma wuraren da cutar ta rage su ne inda babu hanya, babu lantarki, sau da yawa ma ana yaƙi. Jeffrey Mariner na Jami'ar Tufts ta Amurka, da kuɗin hukumar agaji ta ƙasarsa, ya gyara hanyar busar da maganin har ya zama yana iya yin wata guda ba a firji ba. A Jamhuriyar Nijar aka gwada shi a kan shanun makiyaya, aka buga sakamakon a 1990. Wannan ƙaramin bincike ne idan aka auna shi da kuɗi, amma shi ya ba da damar a ɗora magani a kan raƙumi ko keke.

Daga nan sai wata shawara ta shugabanci wadda ba ta yi wa wasu likitoci daɗi ba. A kudancin Sudan da yankin Afar na Habasha an horar da makiyaya da kansu, waɗanda jama'arsu suka zaɓa, su yi allura. An kuma fara zama da dattawan makiyaya ana tambayarsu yaushe suka ga cutar, a wane rafi, daga ina ta bullo. Sai aka tarar bayaninsu yakan dace da abin da gwajin jini ya nuna, wani lokaci ma ya riga shi. Duk wanda ya taɓa zama da Bafulatani ana maganar shanu ba zai yi mamakin haka ba.

Shawara mafi wuya

A 1994 hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta kafa shirin kawar da cutar daga duniya, ta sa wa kanta wa'adin shekarar 2010. Aikin ofishin shirin da ke Roma shi ne haɗa kan ƙasashe da masu ba da kuɗi, da kuma lallashin gwamnatoci su yi abin da suke tsoro, wato su daina allura. Dalili kuwa shi ne, jinin saniyar da aka yi wa allura da na wadda ta kamu ta warke duk abu guda suke nunawa a gwaji. Muddin ana allura, ba za a iya tabbatar da cewa cutar ta tafi ba. Saboda haka dole a tsaya, a bar maruƙa su taso ba kariya, a zuba ido na shekaru.

A zahiri wannan ya yi kama da kuskuren 1976, amma bambancin yana cikin kasafi. A karon farko an daina allura kuma an daina kashe kuɗi. A karo na biyu an kwashe kuɗin allura an mayar da shi kan sa ido, wato ɗibar jini, da binciken duk jita-jitar mutuwar shanu, da ajiyar magani don ko ta kwana. Shugaban sashen dabbobi da ya sa hannu a kan wannan shawara ya san cewa idan cutar ta dawo sunansa za a kira. An ga ƙwayar cutar ta ƙarshe a jikin ɓauna a gandun dajin Meru na Kenya a 2001, aka yi shekara 10 ana nema ba a sake ganinta ba. A watan Mayu na 2011 hukumar lafiyar dabbobi ta duniya ta bayyana a Faris cewa an kawar da ciwon bushiya, hukumar abinci ta tabbatar da haka a Roma a watan Yuni. Ita ce cuta ta biyu da aka taɓa kawarwa, bayan agana a 1980. Plowright, wanda aka ba lambar yabo ta abinci ta duniya a 1999, ya rasu a 2010, bai ga ranar ba.

Akwai wata 'yar'uwar wannan cuta da ke kashe awaki da tumaki, wadda aka fara bayyana ta a Kodebuwa a 1942, kuma har yanzu tana nan a garkunanmu. Ita ma tana da maganin rigakafi mai ƙarfi, kuma a 2015 aka yi taro a Abijan aka sa wa'adin kawar da ita a 2030. Sai dai awaki sun fi shanu saurin haihuwa da saurin sauya hannu a kasuwa, don haka garken da aka yi wa allura bana, nan da shekara 2 ko 3 mafi yawansa sababbin dabbobi ne marasa kariya. Ga shi kuma akuya galibi dukiyar mata ce da talakawa, waɗanda ba su cika samun mai magana da yawunsu ba a ranar da ake raba kasafi.