Kafin Ka Sayi Jitar Nan, Ɗana

Labari ya iso mini cewa ƴan kuɗin da ka tara daga noman bana jita kake son saya da su, irin mai haɗawa da lantarki, har ma hotunanta sun cika maka waya. Ba zan ce kada ka saya ba, domin abin da rai ya ƙwallafa a kai hani ba ya cire shi, sai dai ya sa a yi shi a ɓoye, saboda haka gara mu yi maganar a fili.

Ka fara da mahaifinka. Ka san garinmu, a Wurma har yanzu kiɗa gado ake ɗaukarsa, kuma ɗan gidan da ba na makaɗa ba in ya rataya jita sai an yi surutu. Ka je ka durƙusa ka gaya masa da bakinka, ka nuna masa gona da karatu ba za su taɓu ba, domin abin da aka shigo da shi gida da yardar iyaye shi ne ke zama lafiya. Yaron nan na Nijar da kake yawan saurare, Mdou Moctar, shi ma gidansu ba su so ba da farko, kuma jitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta, katako da wayar burkin keke. A Sakkwato ya ɗauki kundinsa na farko, Anar, a 2008, waƙoƙin suka yi ta yawo daga waya zuwa waya kafin Amurka da Turai su san da shi. Marigayi Ɗan Maraya Jos kuwa da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya cika ƙasar nan.

Amma kada ka ji haka ka ce kowace tarkace ma ta isa. Araha ba ta ado, kuma jita marar kyau ta kori yara da yawa daga koyo, suna zargin hannunsu alhali laifin katako ne. Idan ka isa shagunan Sabon Gari a Kano, kada fenti ja mai ƙyalli ya ɗauke maka hankali. Yadda mai sayen rago a kasuwar Charanchi yake buɗe baki ya duba haƙora, haka za ka duba wuyan jita. Ka ɗaga ta, ka rufe ido ɗaya, ka hango wuyan daga kai zuwa gindi: ɗan lanƙwasa kaɗan ba laifi, akwai ƙarfe a ciki da ake ɗaurewa a daidaita shi, amma in ka ga ya murɗe gefe, ka ajiye ta ko da kyauta aka ba ka. Sannan ka duba tazarar tsirkiya da ƙarafan da aka gitta a wuyan. A daidai ƙarfe na 12 kada ta wuce milimita 2 da wani abin kirki, domin in ta yi sama, yatsunka za su yi ta kokawa har ka gaji ka jingine ta bayan ƙyaure. Ka shafa hannu a gefen wuyan ka ji ko bakin ƙarafan na karce fata. Ka sa a jona ta, ka danna kowace tsirkiya wuri-wuri har ƙasa, ka murɗa maɓallan ƙara, ka girgiza wayar a bakin ramin da take shiga. In sauti na yankewa ko yana ƙarar tsatsa, to akwai gyara a gaba, a rage maka kuɗi.

Wannan duk ya fi sauƙi in ka tafi da wanda ya iya. Cikin ɗaliban jami'ar Dutsin-Ma, ko masu kiɗa a majami'u, ba za ka rasa mai hannu ba. Ka gaishe shi da ladabi, ka biya masa kuɗin mota, ba a raina mai ilimi don addininku ko yarenku ya bambanta.

Maganar suna kuwa, siffar da mutanen Agadas irin su Bombino suka fi riƙewa ita ce Stratocaster, wadda kamfanin Fender ya fito da ita a 1954, mai maganaɗisu uku a ƙarƙashin tsirkiya, sautinta siriri ne tas, ya dace da irin kiɗan da kunnenmu ya saba. Ta ainihi ta fi ƙarfin aljihunka, kuma in ka ga an rubuta Fender a kai ana sayarwa da arha, jabu ce. Akwai Squier, ƙanwarta ce daga gida ɗaya, akwai kuma Yamaha Pacifica. Ko ta gwanjo ka samu mai lafiya, ni a ganina ta fi sabuwa marar asali. Sandar nan da ake dannawa sauti ya yi rawa, ka cire ta ka ajiye tukuna, saitin tsirkiya kawai za ta riƙa ɓata maka. In kai bahago ne kamar Mdou, ka faɗa tun kafin ciniki.

Abin da yara suka fi mantawa shi ne jitar lantarki ita kaɗai kusan bebiya ce, sai da amfilifaya da waya, saboda haka kada ka zuba duk kuɗinka a kanta. Kuma ka san halin wuta a wajenmu, ƙaramar amfilifaya mai batir, ko wadda ake caji da sola, ta fi maka babba mai jiran a kawo wuta. In ta gwanjo ce, ka juya bayanta ka karanta: wadda aka yi wa Amurka wuta mai ƙarfin 110 ko 120 take sha, tamu kuwa 230 ce, kana jonawa za ka ji ƙauri. Ka haɗo da tsirkiya ta ajiya saiti biyu, mai lamba 9 ta fi taushi ga sabon hannu, domin siririyar ita ke fara tsinkewa, kuma ba za ka same ta a wajenmu ba. Ka sayi jaka mai zif, saboda hunturu yana busar da katako, ƙura kuma na shiga maɓallai. Kada ka bar ta a rana ko a ɗakin kwano da tsakar bazara.

Makonnin farko kan yatsunka zai yi zafi kafin ya yi kanta, rabin sa'a kullum ta fi yini guda a mako. Ka nemi amfilifaya mai ramin abin sawa a kunne, domin gidajenmu katanga ɗaya ce, akwai tsoho mai ciwo, akwai mai jego. Da ka ji ladan ya ɗaga murya, ka kashe. Ranar da za ka Kano ka biyo ta nan da sassafe, akwai ɗan abin da zan ƙara maka na jaka da tsirkiya. Ka gaida mahaifiyarka.