Darasi na 7: Shin kare ne ke kawo wa zomayenmu cuta?

'Yan'uwa, da yawanmu a nan Jama'a muna karɓar rance daga asusu mu sayi zomaye, don kiwonsu ba ya cin wuri, kuma wata ɗaya kacal zomanya ke ɗaukar ciki. Amma akwai cutar da ke share keji kaf cikin 'yan kwanaki, ga bashi yana jiran ranar biya. Tambayar da aka fi yi mini ita ce: kare ne ke kawo ta?

Cututtuka biyu

Ta farko sunanta miksomatosis. Idanu da fuskar zomo su kumbura, ya makance, galibi ya mutu cikin sati biyu. Sauro da ƙuma ne ke ɗauke ta daga wannan zomo zuwa wancan. A 1950 hukumomin Ostiraliya sun sake ta da gangan don rage zomayen da ke cinye musu gonaki, ta kashe miliyoyi ɗaruruwa. Zomayen da muke kiwo jinsinsu ɗaya da waɗancan.

Ta biyu ita ce ta fi kusa da mu: cutar zubar jini ta zomaye, wadda aka tabbatar da ɓullarta a Jihar Kwara a 2020. Zomo yana cin abinci lafiya lau da yamma, da safe a tarar da shi a mace, wani lokaci da jini a hanci. Ƙwayar wannan cuta tana iya yin watanni a jikin keji ko buhu ba ta mutu ba.

Duk biyun ba su da magani, kuma ba sa kama mutum.

To, ina maganar kare?

Kare ba ya kamuwa da ko ɗaya. Sai dai yana iya yi wa cutar dako. Idan ya ci mushen zomo a juji, ƙwayar zubar jini na biyo shi a ƙafa, a baki, har a kashinsa. Haka ma kyanwa, ƙuda, takalminmu da ciyawar da muka yanko. Kun ga ashe ba karen ne matsala ba, mushen da aka yar ne.

Abin da nake so mu riƙe

1. Sabon zomo daga kasuwar Samaru ko Sabon Gari, a ware shi aƙalla sati biyu.
2. Kar a ari namiji daga gidan da ake mace-mace.
3. Mushe a ƙone shi ko a binne da zurfi.
4. A ɗaga keji daga ƙasa, a sa masa raga saboda sauro, musamman da damina a gidajen da ke kusa da Kubanni.
5. A wanke keji da kwanuka da Hypo, kofi 1 a ruwa kofi 10.
6. Idan zomaye biyu suka mutu a jere, a daina sayarwa, a garzaya asibitin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, a kuma sanar da ƙungiya.

Mu tattauna

Idan zomayen 'yar ƙungiya suka mutu alhali ba ta gama biyan rance ba, me asusun taimakonmu zai yi mata? Mu yanke shawara yau, magatakarda ta rubuta.