Tama: Arzikin Da Kakanninmu Suka Sani

Da yawa daga cikinmu muna zaton Turawa ne suka koya mana aikin ƙarfe. To, ba haka abin yake ba. A Taruga, kudu maso gabashin Abuja, masu binciken tarihi sun tono murahun narka tama da suka haura shekara 2,000.

Ga yadda ake yi a da. Masu neman tama sukan bi duwatsu suna duba jan dutse mai nauyi. In sun samu sai su farfasa shi, su jera shi da gawayi cikin murhun yumɓu, a yi ta hura wuta. Dattin ya narke ya gangara, ƙarfen kuwa ya dunƙule. Daga nan maƙeri ya ƙera fartanya da lauje da gatari.

Da ƙarfen Turai ya shigo da araha, sai sana'ar ta mutu. An aza harsashin masana'antar ƙarfe ta Ajakuta a 1980, amma har yau ba a kammala ta ba.

'Yan'uwana ɗalibai, in akwai tsohon maƙeri a garinku, ku tambaye shi a hutun nan, ku rubuta, tun bai tafi da saninsa ba.