Masu Musayar Jita, Ku Daina Sayen Suna

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo tsakanin makaɗan zamani daga Lome har Sinkase, kuma ta kai ni maƙura: wai duk tsohuwar jitar lantarki da aka rubuta Fender ko Gibson a kanta dukiya ce, ajiye ta ya fi ajiye kuɗi, wanda kuma ya samu damar ba da tasa ya karɓo irinta, ko da ciko ne, ya tsinci dami a kala. Wannan maganar ce ke raba samari a Sokode da Dapaong da kayan sana'arsu, labarin kuma kusan iri ɗaya ne kullum. Mutum yana da jitar da ya yi shekaru yana kaɗawa a wuraren biki, hannunsa ya saba da ita, sai dillali ya turo masa hoton wata ta waya, ya ce yanzu aka fito da ita daga kwantena a tashar jirgin ruwa ta Lome. Ya ba da tasa, ya ɗora kuɗi a kai, bayan wata biyu ya shiga bin sawun tsohuwar yana roƙon a warware ciniki. Matsayina a kan wannan guda ne: a kasuwarmu jita kayan aiki ce, kuma musayar da aka yi don sunan da ke kanta asara ce, sunan na gaskiya ne ko na jabu.

Jita-jitar ba daga sama ta faɗo ba, tana da tushe. A shekarar 2019 an yi gwanjon baƙar Stratocaster ta David Gilmour, makaɗin Pink Floyd, a birnin New York, ta tashi kusan dala miliyan 4. Les Paul Standard da kamfanin Gibson ya ƙera tsakanin 1958 da 1960, waɗanda duka-dukansu ba su kai 2,000 ba, ana sayen guda ɗaya da dubban ɗaruruwan daloli. Irin waɗannan labarai ne dillali yake jingina da su. Abin da ba zai faɗa maka ba shi ne dalilin tsadar: ta farko kuɗin mutumin da ya kaɗa ta aka biya, tare da takardun da suka tabbatar tasa ce, na biyun kuma kuɗin ƙarancinsu da kasancewar ba a sauya musu ko ƙusa ɗaya ba. Stratocaster kuwa tun 1954 ake ƙera ta ba fashi, a Amurka da Japan da Mekziko, ga kuma masu sauƙin kuɗi da Fender yake fitarwa da sunan Squier tun 1982, kamar yadda Gibson yake da Epiphone da ya saya a 1957. Waɗannan ne suka cika kayan gwanjon da ke zuwa mana. Tsufa kaɗai ba ya ƙara musu ko sisi.

A ɗauka ma jitar ta gaskiya ce, ƙirar Amurka. Wa zai saye ta a hannunka? Farashin kaya shi ne abin da mai saye ya ƙirga ya miƙa, lambar da aka gani a intanet kuwa sau da yawa abin da mai kaya ya nema ne, ba a ma sallama ba. Masu sayen jitar lantarki a Sokode sanannu ne: makaɗan biki, masu ɗakunan ɗaukar waƙa, ƙungiyoyin kiɗan majami'u da 'yan koyo. Dukkansu kayan aiki suke nema daidai ƙarfin aljihunsu, babu mai tara tsofaffin jita don ado a cikinsu. Saboda haka ranar da ka matsu, farashin da za a taya maka na kayan aiki ne. Ga lissafi a matsayin misali. Ka sayi jita sefa 150,000, ka ba da ita a musaya an yi mata kuɗi 100,000, ka cika 80,000 ka karɓi wata. Wannan ma ta gundure ka, aka yi mata kuɗi 120,000. Kuɗin da ya fita daga aljihunka 230,000 ne, abin da ke hannunka 120,000, ban da la'adar dillali da kuɗin mota. Kowane zagaye akwai mai cin riba, kuma ba kai ba ne.

To balle kuma da yawa daga cikin sunayen nan na ƙarya ne. A watan Nuwamba na 2024 jami'an kwastan na Amurka suka sanar da kama jabun Gibson sama da 3,000 a tashar jirgin ruwa ta Los Angeles da Long Beach, waɗanda da na gaskiya ne da kuɗinsu ya haura dala miliyan 18. Idan masu ƙera jabu ba su ji tsoron tura su ƙasar da ake ƙera na ainihi ba, mu ne za su ragawa? Lambar da ke bayan kan jita ba hujja ba ce, domin ana kwafe ta daga hoton wata. A Gibson ta gaskiya, ɗan murfin da ke rufe bakin ƙarfen cikin wuya ƙusa biyu ke riƙe da shi, a jabu galibi uku ne, idan kuma an buɗe murfin, notin Gibson da sifana mai baki ake juya shi, na jabu da ɗan makullin nan mai lanƙwasa. Lamarin Fender ya fi rikitarwa, don wuyanta da ƙusoshi ake ɗaure shi a jiki, tambarin kuma ana sayar da shi a manna. Sai ka ga wuyan wata, jikin wata, maganaɗisun ɗaukar sauti na wata, an haɗa an kira ta ƙirar Amurka. Wanda ya ƙi yarda a kwance wuyan a duba hatimin da ke gindinsa, ya riga ya ba ka amsa.

Wani zai ce, ina ruwana da jabu idan tana fitar da sauti mai daɗi? Wannan magana ce mai ma'ana, da sharaɗi ɗaya: a sayar da ita da sunan jabu, a farashin jabu. Akwai kwaikwayon da ake iya cin abinci da shi bayan an gyara. Illar tana wajen biyan kuɗin suna, sannan ranar da ka gane, shaiɗan ya raya maka kai ma ka tura wa na gaba. Haka jita ɗaya take zagaya Sokode da Kara da Dapaong tana ɓata zumunci a kowane hannu. Ɓoye aibin kaya algus ne, kuma malamanmu na fiƙihu sun daɗe da bayyana cewa mai saye yana da haƙƙin mayar da kayan da aka ɓoye masa aibinsu. Squier ko Epiphone ko Yamaha Pacifica da ta faɗi sunanta na gaskiya ta fi Gibson ta ƙarya daraja, a hannu da kuma a kasuwa.

Amma babban abin da nake son a riƙe, ko an manta sauran, shi ne wannan: kada ka yanke wa jita hukunci a cikin hunturu. Jita itace ce, itace kuma yana shan danshi yana amayarwa. Masu ƙera ta suna ba da shawarar a ajiye ta inda danshin iska yake kusan kashi 45 zuwa 55 cikin 100. Lome tana bakin teku, iskarta a jiƙe take. Sokode tana sama da kilomita 300 a arewa, Dapaong sama da 600, kuma daga Disamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana busar da komai ƙayau. Jitar da ta zauna a Lome aka ɗauko ta zuwa arewa, allon wuyanta zai tsuke, bakunan ƙarafan da ke kwance a kansa su fito suna yankar hannu, wuyan ya sauya lanƙwasa, tsirkiya ta riƙa gogar ƙarfe tana ƙara, ko ta yi sama har yatsa ya gaji. Mai ita sai ya ce ta lalace, ya yi gaggawar rabuwa da ita a wulaƙance. Wanda ya saya ya juya ƙarfen cikin wuya kwata ɗaya, ya goge bakunan ƙarafan, ya daidaita tsayin tsirkiya, ya sa sababbi, ta dawo garau. Mafi yawan nadamar da ake yi daga nan take fitowa: mutum ya ji tsohuwar jitarsa a hannun wani tana fitar da abin da ya yi zaton ba ta iyawa. Na sake faɗa, daga Disamba zuwa Fabrairu lokacin gyara ne da ajiya cikin akwati, nesa da rana da bakin taga. In har bayan damina ta sauka, an kuma daidaita ta, ba ta yi maka ba, sannan ka yi maganar sayarwa.

Haka zancen gurnanin nan da ake ji a lasifika. Maganaɗisu mai naɗi ɗaya, irin na Stratocaster, ɗabi'arsa ce ya kwaso gurnanin wutar lantarki, shi ya sa Gibson ya fara sa mai naɗi biyu a Les Paul a 1957 don kashe shi. Idan wurin biki ba shi da wayar ƙasa, ko an jona kayan kiɗa da janareta da doguwar waya mai ɗauri-ɗauri, ko jitar miliyan ce sai ta yi gurnani. A fara sauya waya, a gwada a wani gida da wani amfilifaya kafin a ɗora wa jita laifi. A kuma duba bayan duk amfilifayan da ya zo daga Amurka, don galibi na wutar 120 ne, tamu kuwa 220 ce, jona shi ba taransifoma ƙona shi ne nan take.

Akwai masu cewa makaɗi ba zai san abin da ya dace da hannunsa ba sai ya taɓa da yawa. Gaskiya ne, amma taɓawa ba ta buƙatar sallama. Aro yana nan, haya tana nan, zama a ɗakin ɗaukar waƙa na abokin sana'a yana nan. Sautin da ake bi daga jita zuwa jita kuma yawancinsa a yatsu yake. Mdou Moctar na Nijar, wanda yanzu yake kaɗawa a manyan dandamalin Turai da Amurka, jitarsa ta farko da kansa ya harhaɗa ta da katako da wayar birkin keke. Salon da ya sa duniya ta san shi ya riga jita mai tsada zuwa hannunsa. Wanda bai zauna da jita guda har ya san halinta a zafi da sanyi ba, ko goma ya tara bai san ko ɗaya ba.

Saura wanda larura ta kama, rashin lafiya ko kuɗin makaranta. Shi babu mai zarginsa, sai dai akwai tsari. Idan kana da fiye da ɗaya, sayar da wadda ta fi daɗewa a rataye, ka bar wadda take kawo abinci, ko da waccan ce mai suna. Sayar da kuɗi hannu, ka guji musaya, domin a musaya farashi biyu ake murɗawa lokaci guda, a rage naka a ƙara nasa, kai kuma cikon kawai kake kallo. Idan saye za ka yi, kada ka tura ko dala ta waya a kan hoto, cinikin biri a sama ke nan. Je ka riƙe ta, ka jona ta, ka bi kowane ƙarfe daga sama har ƙasa, ka juya kowane maɓalli, ka duba bayan kanta a cikin haske, musamman Gibson da Epiphone, waɗanda wuyansu yake saurin karyewa a daidai nan idan sun faɗi, karayar da aka like kuma tana zubar da farashi ƙwarai ko da gyaran ya yi kyau. Ka nemi sharaɗin kwana uku a gaban shaidu, a rubuta lambarta da kuɗin da aka biya. Mai kaya na gaskiya ba ya gudun wannan.

Laifin ba na dillalai ne kaɗai ba. Shugabannin ƙungiyoyin kiɗa da suke auna yaro da sunan da ke kan jitarsa su ma suna da kaso, don su ne suke tura shi cin bashi ya sayo tambari. Mu kuma mun raina gyara. Mutum zai cika dubu tamanin a musaya ba tare da ya ji zafi ba, amma ya ga kuɗin sababbin tsirkiyoyi da ladan mai daidaitawa sun yi yawa, ko ya kai wa kafinta ya fafe wuyan da abin fiƙe katako. Da manyan makaɗan Sokode da Dapaong za su haɗa kai su tura yaro ɗaya ko biyu su koyi daidaita wuya da gyaran wayoyin cikin jita, da an rage wannan asara ƙwarai. Kafin a kai ga haka, duk wanda dillali ya turo wa hoto a wannan makon, ya fara kai tasa a duba masa ita, ya kaɗa ta wata guda cur bayan gyaran, sannan ya ba dillalin amsa.