Shimfiɗar kofin shayi daga ragowar atamfa

Duk shagon tela a Kalgo ko Gwandu, in Sallah ta gabato, za ki tarar da buhun ƙyallaye a ƙarƙashin teburin yanka: guntayen atamfa da shadda da yadin maza, waɗanda ba su isa aljihu ba balle hannun riga. Yawanci ƙarshensu bola ko hura wuta. Amma kuwa ga wadda ta fara taka keke, ko ma wadda allura da zare kaɗai gare ta, babu kayan koyo kamarsu. Abin da nake ba ki shawara ki fara da shi, uwargida, 'yar shimfiɗa ce mai kauri da ake ɗora kofin shayi a kai, da ɗan fili a gefe na ƙosai biyu ko yankan burodi. Tana kare tebur daga zafin kofi a lokacin hunturu, tana kuma shanye gumin kofin zoɓo mai sanyi a bazara, lokacin da zafin Kebbi kan haura digiri 40.

Ɗinkin ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Duk wanda ya taɓa kallon hawan Sallah ya ga 'yan lifidi, doki da mahayinsa sanye da rigar kariya mai kauri. Yadda ake lifidi shi ne yadi a sama, yadi a ƙasa, a cusa auduga a tsakani, galibi ta rimi, sannan a bi da layukan ɗinki don kada audugar ta taru wuri guda. A zamanin da, da irinsa dawakin manyan mayaƙa suke fita daga garuruwa irin su Gwandu, inda Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna yana kula da yammacin daular Usmaniyya, kuma a nan hubbarensa yake. Garin ya yi suna da saƙa ma: matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, da ya sauka Gwandu a 1853 zamanin Sarki Halilu, ya yaba ingancin sawayen audugar da ake saƙawa a can, ko da yake ya kushe rininsu. Shimfiɗar kofi dai ƙaramin lifidi ce, hawa uku da ɗinkin da ya riƙe su.

Zaɓen yadi ne wurin da aka fi yin ɓarna, don haka mu ɗan tsaya a nan. Ki nemi atamfa ta auduga zalla. Yadda za ki gane ta: ki yanki ɗan ƙyalle ki kusanta shi da ashana a waje. Auduga takan ci wuta ta bar toka mai laushi da ƙauri irin na takarda. Mai roba kuwa narkewa take ta dunƙule ta yi tauri. Mai roba ba ta shan ruwa, kuma gindin buta mai zafi zai iya ƙona ta. Leshi da yadi mai santsi ki ajiye su gefe, zamewa suke a ƙarƙashin ƙafar keke, sai su sa mai koyo ta ɗauka hannunta ne bai iya ba. Shadda tana da kyau, sai dai sai an wanke sitacin. Duk abin da kika tara ma ki jiƙa shi, kowane launi a robarsa, ki ga mai zuba, ki shanya, ki goge. Yadin da ba a wanke ba yakan tsuke a wankin farko ya janye maƙwabcinsa, shimfiɗar ta karkace har abada. Launi kuma ki fifita mai duhu da zane mai yawa, domin shayi da zoɓo ba sa yafe wa farin yadi. Abu ɗaya da ba na so a manta: ƙyallen da ke ɗauke da sunan Allah ko rubutun Larabci, irin na wasu atamfofin taro, ba a shimfiɗa wa kofi shi.

Na tsakiya fa? Tela zai ce ki sa siririn soso, don shi ya saba sawa. Ni ban yarda da shi ba a wannan aiki. Soso ba ya jure zafi, kuma bayan 'yan wanke-wanke sai ya fara marmashewa a ciki. Audugar rimi ko sakakkiyar auduga ita ma ki bar wa masu matashin kai, domin takan cure a ruwa, ta rimi kuma ga saurin kama wuta. Abin da ya fi duka yana cikin gidanki: tsohon tawul da ya yi laushi, ko tsohon bargon jariri na auduga. Hawa ɗaya ya wadatar. In kika ninka biyu kofi zai riƙa tangaɗi, allura kuma ta sha wahala.

Yanzu awo, da tef ɗin tela. Muna son a gama da inci 9 a tsawo, 6 a faɗi. Ki yanki ƙyallaye 5, kowanne faɗin inci 2 da rabi, tsawon inci 7. Ki yanke kwali daidai wannan awo ki riƙa zagaye shi da alli, ya fi auna kowanne dabam sauƙi. Ki jera su a tabarma ki yi ta sauya musu wuri har idonki ya gamsu. Sai ki haɗa biyu fuska da fuska, ki ɗinke gefen tsawon kina barin kwatan inci, ki ƙara na uku, haka har su ƙare. Bayan kowane ɗinki ki buɗe ki danne da dutsen guga, bakin ya kwanta gefe ɗaya. Masu gaggawa sukan tsallake gugar nan, kuma a aikinsu ake gani. In kin gama za ki sami kusan inci 10 da rabi a tsawo; ki datse ya koma 10 da 7. Ki yanki yadin baya da tawul su ma 10 da 7.

A littattafan ɗinkin Turawa akan rufe bakin irin wannan aiki da bayas, a naɗe kusurwa huɗu a tsanake. Yana da kyau, amma ba na ranar farko ba ne. Ga hanya mai sauƙi, ta juyawa. Ki shimfiɗa tawul a ƙasa. Ki ɗora haɗin ƙyallayenki a kansa, fuskarsa na kallon sama. Ki kifa yadin baya a kai, fuskarsa na kallon ƙasa. Ki kafe da fil, ki zagaye da ɗinki kina barin rabin inci, amma a tsakiyar gefe ɗaya mai tsawo ki bar ƙofa ta inci 3, ki yi ɗinkin baya a bakinta biyu don kada ta yage. Ki rage tawul ɗin da ya wuce layin ɗinki, ki sare kusurwoyi huɗu a karkace ba tare da almakashi ya taɓa zare ba. Sai ki sa yatsa tsakanin yadudduka biyun, ba tsakanin yadi da tawul ba, ki juyo cikin waje. Ki tura kusurwoyi da gindin fensir, kada da tsinin almakashi. Ki lanƙwasa bakin ƙofar ciki, ki goge, ki bi gefen gaba ɗaya da ɗinki kusa da baki, shi zai rufe ƙofar.

Saura ɗinkin da ke riƙe hawa ukun, wanda in babu shi tawul zai naɗe a ciki ranar da aka wanke. Ki fara daga tsakiya ki yi waje, kada daga gefe zuwa gefe, in ba haka ba yadin sama zai taru ya yi ƙunci a ƙarshe. Mafi sauƙi ki bi layukan haɗin ƙyallayen, sannan ki ƙara layi ɗaya a tsakiyar kowane ƙyalle. Hakan zai ba ki tazarar kusan inci ɗaya. A keken Butterfly ko Singer na ƙafa, ki sa allura lamba 16, ki ƙara tsawon taku, ki ɗan sassauta sukurun da ke saman kan keke mai danne ƙafa. Kada ki ja yadi, ki bar haƙoran keke su tafi da shi, ke dai ki shimfiɗa tafukanki a gefe biyu. Zaren kwarkwaro ya dace da launin baya, tunda can zai fito.

Wadda ba ta da keke ba ta rasa komai ba, ni ma na hannun ya fi burge ni. Zare mai ɗan kauri, taku huɗu ko biyar a inci, ki tabbata allura na ratsa hawa ukun kowane karo. Ƙullin farko ki ja shi da ɗan ƙarfi ya shige cikin tawul ya ɓuya. Takun ya zama daidai da juna ya fi ƙanƙantarsa muhimmanci, kuma layin alli zai taimaka wa hannu.

Wajen wanki, ruwan sanyi da sabulu, a matse a hankali, a shanya a inuwa a kwance don kada rana ta ci launin. Ba a ɗora mata tukunyar da aka sauke daga murhu, wannan aikin gammo ne ko faifai. Mai son ta sayar kuwa ta yi su shida-shida da yadin baya iri ɗaya, saman ko ya bambanta ba laifi. Haka masu haɗa kayan ɗakin amarya suke sayen kofuna, kuma a kasuwar Birnin Kebbi ko ta Jega saiti ya fi ɗaiɗai saurin tafiya. Kafin ki yanke farashi ki lissafa zare da gawayin guga da lokacinki, ko da ƙyallayen kyauta tela ya ba ki.