Karatun Faransanci a jami'a

Wasu uwaye suna cewa: "Yaro ya iya Faransanci tun lakkol. Mi zai koyo kuma?" To, da saura.

Wanda ya ci bak yana iya shiga Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai. Bayan shekara 3 ya samu lisans. Can yana zurfafa nahawu, ya karanta littattafai, ya gyara rubutunsa. Daga nan ya zama malamin kwalej, ko ɗan jarida, ko tafinta.

A 2025 Hausa ta zama harshen ƙasa a Nijar. Faransanci kuwa yana cikin harsunan aiki. Takardar magani da ta shari'a, har yanzu da Faransanci suke zo muna. Ana bukatar ƴaƴanmu su juya su cikin Hausa ba kuskure.