Sanƙarau da ɗakin da aka toshe

Wata uwa daga Gazawa ta tambaya: toshe tagogi da hunturu yana kare yara daga sanƙarau?

A'a Hajiya, yana ma ƙara haɗarin. Ƙwayar cutar tana zaune a maƙogwaron mutane da yawa masu lafiya, tana bin tari da atishawa. Da rani ƙura da busasshiyar iska suna ƙuje hanci da maƙogwaro, sai ta samu hanyar shiga jini. Damina na sauka, cutar ta lafa.

Yara a ɗaki rufe ruf numfashin juna suke shaƙa. Ki bar taga a buɗe, ki rage cunkoso. Kada ki dogara da rigakafi kaɗai, don ƙwayar nau'i-nau'i ce: rigakafin da aka fara a 2010 nau'in A ya karya, amma nau'in C ya addabi Nijar a 2015. In yaro ya yi zazzaɓi wuyansa ya sanƙare, ki kai shi asibiti a ranar.